Gonar Mama Sikola a Saman Kanmu

Na yi shekaru ina zaune a ƙarƙashin gona. Ba kusa da gona nake nufi ba, ƙarƙashinta sosai. Mama Sikola tana noma a bene, ni ina taka keken ɗinki a ƙasa, babu komai tsakanin kaina da tumatirinta sai kankaren baranda wanda kaurinsa bai kai taƙi guda ba.

Gidan yana Sabon Gari, ba nisa da layin dogo. Tsohon bene ne na haya, na Malam Bappa mai sayar da kwanuka a kasuwa, shi ma gadonsa ya yi. Barandar tana kallon tsakar gida, an kewaye ta da bulo har ƙugu, sai indararo guda a kusurwa inda ruwa yake fita. Ƙofofi biyu ne a ƙarƙashinta: tawa, ni Zubaidatu Maman Usaid, da ta Nana Hafsat mahaifiyar Malam Bappa, tsohuwa tukuf wadda sai an yi ihu take ji, in an yi ihun kuma ta ce an raina ta.

Sunan Mama na gaskiya Scholastica. Ranar da ta tare, cikin shekarar 2001, ta faɗa min shi, na ce ta sake, ta sake. Na ce, "Mama, wannan suna ne ko maganin zazzaɓi?" Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ce marar kunyar gidan nan, ko akwai wata?" Na ce ni kaɗai ce, ba a samu ta biyu ba. Tun daga ranar ta zama Mama Sikola, ni kuma na zama Tela Mai Baki.

A wani ƙauye wajen Kachia aka haife ta, 'yar manomin citta ce. Ta ce tun tana ƙarama hannunta ba ya rabuwa da ƙamshin citta, saboda tsagawa da shanya. Ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa, suka zauna nan Zariya, ta yi shekaru tana girki a wani gidan abinci a Samaru, inda ɗalibai suke cin kwano ɗaya su roƙi gyaran kwano biyu. Daga baya aka mai da mijin Kaduna, can ya rasu, ita kuma ta ci gaba da zama har rikicin shekarar 2000 ya same ta a can. Ɗanta Cornelius, direban wata gonar dabbobi wajen Shika, shi ya ɗauko ta. Ya so ta zauna da iyalinsa a Samaru, ta ƙi, wai ɗakin ƙasa ne. Bene take so, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo biyu. Ban da coci da taron zumuntar mata, ba ta cika saukowa ba.

Da gwangwanin fenti guda ta fara, da attarugu a ciki. Kafin damina ta zagayo an ga yankakkun jarkoki, tsohon baho, tukwanen ƙasa, tayar mota, buhunan siminti an naɗe bakinsu. Tumatir, tattasai, alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa, yalo, shuwaka, ɗoɗɗoya, na'a-na'a. Ganyen ugu ya bi igiyar shanya ya hau kwano. A can bakin baranda, inda rana ta fi bugawa, ta jera rabin duro-duro ta shuka cittar da aka kawo mata daga gonar mahaifinta. Wannan ita ce 'yar gaban goshi, har magana take yi mata da yarensu.

Ƙasar kuwa ba kowace take karɓa ba. Wai ta unguwarmu yashi ce, ba ta riƙe ruwa. Sai baƙar ƙasar fadama mai danƙo, wadda Cornelius yake kawowa ranar Asabar a bayan motar aiki, haɗe da kashin shanu. In ya saɓa buhu yana hawan matakala yana nishi, sai in leƙo.

"Cornelius, ka kusa kwashe Shika ka kai bene. Shanun a ina za su tsaya?"

"Anti, ki tambayi Mama. Ni jaki ne kawai."

"Jakin ma yakan ce ya gaji."

Daga sama sai a ji muryarta: "Tela Mai Baki, ɗinke bakinki ki ɗinke rigar mutane."

Amma fa mun ci. Kwando gare ta da igiya, sai ka ga yana saukowa gaban ƙofarka kamar guga. Mai jego ta samu shuwaka, mai mura ya samu citta da ɗoɗɗoya, Nana Hafsat na'a-na'ar shayinta ba ta yankewa. Da azumi, lokacin da tumatir yake tsada a kasuwa, kwandon ba ya tsallake ƙofar kowa. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ɗaure mana baki daga baya.

Wata la'asar Nana ta shimfiɗa sallayarta a inuwar baranda kamar yadda ta saba. Mama tana ban ruwa a sama ba ta sani ba. Ruwan taki, baƙi ƙirin, ya biyo indararo ya fantsama a sallayar. Nana ta tashi. Ta naɗe ta, ta shiga ɗaki, daga ranar a ciki take salla. Mama ta leƙo ta ga komai. Ta sauko da sabulu za ta wanke, Nana ta ce a'a, ba komai. Ta aiko da kwando, aka karɓa aka yi godiya. Babu wanda ya sake ta da maganar.

Washegari ɗigon ruwa ya tsaya cak. Har yaba ta na yi, na ce, "Mama, kin koya wa tumatirinki riƙe fitsari ke nan." Mu duka mun ɗauka Cornelius ne ya juya bututun ta bayan gida. Abin da ba mu sani ba, totuwar masara ta naɗe da tsumma ta cusa a bakin indararon. Da farko in hadari ya taso takan zare ta. Sannu a hankali totuwar ta kumbura, laka da saiwoyi suka kama ta, ta ƙi fita. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce ita ce ta sake ɓata wa tsohuwa wurin salla. In an yi ruwa sai ta kwashe da kwano ta zuba a bokitai, har murna take yi ta huta da sayen ruwan 'yan garuwa. Haka barandar ta koma baho, damina bayan damina.

Ni na fara gani, tunda ni nake wuni a wurin. Danshi ne da farko, zagayayye kamar fitsarin yaro a katifa. Sai farin gishiri-gishiri ya fito a gefensa. Sai tsaga, siririya kamar zare, daga bango zuwa kusurwar da durorin citta suke. A daminar 2005 tsagar ta isa in sa allurar keke a ciki, bayan sallar Juma'a biyu ta isa in sa almakashi. Jan ruwa na tsatsa yana tsattsafowa. Ni kuwa ga tsohon ciki.

Ran nan ina cikin sa wa wata rigar amarya hannu, sai na ji ƙas. Guntun kankare kamar curin sabulu ya faɗo kan teburin kekena, tsakanin hannuwana biyu. Na ɗaga kai. Ga rodi a fili, ya yi ja, ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rake. Ɗan cikina ya yi wani juyi. Na ja keken na shige ɗaki da shi, amma ƙofar ai tana nan inda take. Duk fita, duk shiga, sai ka bi ta ƙarƙashin abin.

Malam Bappa ya kira Baba Kayode birkila. Ya zo ranar da babu hadari, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, ya ƙi matsowa.

Na ce, "Baba Kayode, matso mana, ai ba ya cizo."

"Maman Usaid, ni ina da yara. Malam, wannan abu ba rodi ne ya riƙe shi ba, addu'ar tsohuwa ce. A sauke ƙasar nan duka, yau ba gobe ba."

Ya nemi hawa ya duba, Mama ta ce wurin a cushe yake, babu inda namiji zai sa ƙafa. Ya tokare barandar da katako biyu, yana kafawa yana ja da baya. Malam Bappa ya hau ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfe, ya gaishe ta, ta gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, mutumin da jiya-jiya ya sha miyar kuɓewarta. Ta ce ta ji, a bari citta ta nuna, da kaka za ta sauke komai. Ya sauko yana sosa ƙeya. Ya ce wa mahaifiyarsa ta koma ɗakin baya, ta ce a ɗakin nan ubansa ya bar ta, a nan za a zo a ɗauke ta. Tagar ɗakin nata kuwa da ƙarfen ɓarayi, hannu kaɗai ke fita.

Da na ga maza sun kasa, na hau da kaina, da cikina da komai. Na same ta a durƙushe tana tsince tsutsa daga ganyen alayyahu. Ban taka barandar ba, a dokin ƙofa na tsaya.

"Mama, in kashe ni kike so, ki bari in haihu tukuna, ko ki samu jikan da zai gaji attarugu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zauna, 'yata."

Na zauna. Ta ce a Kaduna a bene take, da jikoki biyu ƙanana, 'ya'yan 'yarta. Kamar kowa, kullum take cefane, na yau daban na gobe daban. Da gari ya rikice aka hana fita, abin da yake ɗakin ɗan garin kwaki ne a leda. Ya ƙare. Ta riƙa dafa ruwa da gishiri tana ce wa yaran farfesu ne. Ƙaramin ya yi kuka har muryarsa ta tafi, tana toshe masa baki don kada a ji daga waje. Sai ta tuna da wani fasasshen bokiti a kan matakala wanda alayyahu ya fito a cikinsa da kansa, ba wanda ya shuka. Da rarrafe ta je ta tsinko.

"Shi muka ci, Zubai. Ranar na yi wa Ubangiji alkawari, ba za a sake kulle ni a ɗaki ba tare da ganye ba."

Na ce, "To ki sauke su tsakar gida mana. Ga fili."

"In an shigo gida, ƙasa ake fara takawa."

Na ce dai ko durorin ne a ja su baya. Ta ce citta ba ta son a motsa ta tana cikin yin 'ya'ya. Ta cika min leda da yalo. Na karɓa, na sauko.

Daga nan zaman gidan ya canja. Aka hana yara wasa a gefen nan. Masu kawo min ɗinki suka koma tsayawa daga nesa suna miƙo atamfa da tsayin hannu. In jirgi ya wuce gidan yakan ɗan girgiza, abin da a da ba ma ko lura, yanzu kuwa sai kowa ya yi shiru yana kallon katakon nan biyu, ƙurar siminti tana zubowa kamar gari daga rariya. In na ji Mama tana jan bokiti a sama, sai in dafe ciki. Na daina yi mata tsiya ma, wanda ya san ni ya san abin ya kai.

Ranar Lahadi ce, cikin watan Agusta. Mama ta kulle ƙofarta da kwaɗo biyu ta tafi coci, daga nan akwai taron zumunta. Malam Bappa yana kasuwa, mijina ya tafi Samaru kai kaya. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, aka tsuge. Ina madafi, can ɗaya gefen tsakar gida, ni da Adenike maƙwabciyata mai sayar da kayan masarufi, muna jira ya ɗan tsagaita. Bai tsagaita ba.

Ina kallon gidan sai wani abu ya tsaya min a rai. Kowane indararo yana ambaliya, na kwano, na bayan gida, na maƙwabta. Na barandar Mama a bushe. Amma ta ƙarƙashin ƙofarta ta ƙarfe ruwa yana fitowa yana gangarowa matakala.

Na ce, "Adenike, ruwan barandar can ina yake zuwa?"

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta ce, "Ba ya zuwa ko'ina."

Sai muka ga tsagar ta fara zubar da ruwa, ba ɗigo ba, labule guda daga bango har kusurwa. Katakon gefen durori ya lanƙwashe a tsakiya kamar bayan tsoho. Ƙofar Nana a buɗe take, labulenta a ɗage, muna hango ta a zaune kan sallaya, ta ba mu baya, ta ta da kabbara. Saboda gwiwa a zaune take salla, kuma ba ta gaggawa, ba ta taɓa yi ba.

Muka yi ta kira. Mai ji da ƙyar ko gari shiru, balle ruwa yana dukan kwano. Na yunƙura zan tafi, Adenike ta riƙe ni ta baya ta ce in na faɗi a laka da wannan ciki me za ta ce wa mijina. Ita kuma ga jaririya a bayanta.

Muna cikin haka Mama ta shigo, sharkaf, zanen zumunta ya manne mata a jiki, mabuɗai a hannu. Da ganin yadda take sauri ka san ta san abin da yake sama. Ta nufi matakala.

Na ce, "Mama, kada ki hau. In kika taka shi ya tafi."

"Sai na kwashe ruwan. Ni na toshe shi, Zubai. Ni na toshe indararon."

"Kin toshe me?"

"Saboda sallayar Nana."

Na nuna mata ƙofar. "To ga Nana can a ciki."

Ta tsaya, ƙafa ɗaya a kan matakala. Ta dubi sama, inda ganyen citta yake leƙowa ta kan bulo yana rawa a ruwa. Ta dubi ƙofar. Ta saki mabuɗan a ƙasa, ta sunkuyar da kai ta ratsa labulen ruwan nan ta shige ɗakin Nana.

Na ɗauka za ta sunkuto ta su fito. Ina. Sai ta cire takalmi, ta durƙusa a bayanta, ta haɗa hannuwa tana jira.

Na ce, "Mama, ɗauko ta. Ya halatta a yanke salla, wallahi ya halatta, ni Musulma ce na faɗa miki."

Ta juyo ta girgiza min kai. Matar da ta taɓa ɓata wa tsohuwar nan salla sau ɗaya har ta kusa rushe gida don kunya, ba za ta sake ba.

Ban taɓa sanin salla tana da tsawo haka ba. Nana ta sunkuya. Ta ɗago. Ta sunkuya. Wani guntun kankare ya faɗo a bakin ƙofar, ya tarwatse. Katakon ya fara wani kuka, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Adenike tana karanto duk abin da ta sani, ni kuwa tahiyar kawai nake bi da Nana a zuci ina roƙon Allah ya sa ta tsallake ko da kalma ɗaya ce. Bulon kusurwa ya buɗe, baƙin ruwa ya fara tsartuwa ta nan.

Nana ta juya dama. Ta juya hagu. Ta miƙa hannu za ta ɗauki carbi.

Nan kam Mama ba ta jira ba. Ta juya mata baya, ta kama hannuwanta biyu ta ɗora a kafaɗa, ta miƙe da ita kamar buhun da Cornelius yake hawa da shi. Muna jin Nana tana faɗa, "Ke lafiya? Ke 'yar nan, sauke ni, ban yi addu'a ba." Suka zo bakin ƙofa. Mama ta ɗaga kai sau ɗaya, ta rufe ido, ta taho. Ba gudu take yi ba, ba za ta iya ba, tafiya ce ta mai kaya, taki ɗaya bayan ɗaya, laka tana zubo musu a ka. Ni dai hannuna a miƙe yake, ban san na miƙa ba.

Sun kusa tsakiyar tsakar gida katakon ya karye. Ƙarar ba irin wadda nake zato ba ce. Wani nishi ya fara yi, sannan kusurwar durori ta sunkuyo, sannan duka ya taho. Ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata. Ruwa da laka suka ture su biyun suka faɗi a gabanmu, Mama a ƙasa, Nana a kanta, carbi a hannu.

Da ƙura da ruwan suka lafa, babu ƙofata, babu ta Nana. Tudu ne na kankare da rodi da baƙar ƙasa, tumatir ja a warwatse, tayar mota tana juyi. Gidan gaba ɗaya ƙamshin citta yake. Nana ta dubi inda ƙofarta take a da, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ba ta ruwa ta wanke fuska.

Malam Bappa ya dawo a guje, ya ga uwarsa a madafi an lulluɓe ta da zanen Adenike. Da ya ji maganar totuwa, ranar na san yana da murya. Ya ce a kira Cornelius ya zo ya kwashe uwarsa kafin magariba. Mama tana zaune a kan turmi, gwiwarta tana jini, ba ta ɗaga kai ba.

Nana ta ce, "Me yake cewa?" Na sa baki a kunnenta na faɗa mata komai, har da totuwar.

Ta juya wajen Mama. "Ke, don ɗan ruwan nan? Da kin faɗa min ai sai in matsa."

Mama ta ce, "Ai kin matsa, Nana. Shi ya sa."

Sai da na maimaita mata da ƙarfi. Sannan ta ce wa ɗanta, "Bappa, babu inda za ta. Wa zai riƙa ba ni na'a-na'a, kai?" Ta nuna lungun da yake kusa da rijiya, inda rana take wuni, ta ce a zuba wa Mama tarkacen gonarta a can.

Washegari matan gidan muka bi tudun muna tono. Mun samu citta da yawa ba ta mutu ba, da saiwar shuwaka, da jarkokin da ba su fashe ba. Kekena ma ya fito da ransa, tebur ne kawai ya jiƙe. Baba Kayode ya toshe ƙofar barandar da bulo ya bar wa Mama taga, ya ce ko gwangwanin madara ya gani a wurin zai kira 'yan unguwa.

Sati na zagayowa na haihu, ungozoma ta ce tsoro ne ya koro ta da wuri. Mace ce, aka sa mata Hafsat, amma Mama ba ta taɓa kiranta da shi ba, Citta take ce mata, har ya bi ta.

Gonar tana nan a gefen rijiya, ta fi ta da kyau ma, ko da yake Mama ba ta yarda. Yanzu dole ta sauko safe da yamma, tana ɗingishi da gwiwar nan, tana faɗa da kajin Adenike. Tsoron bai bar ta ba. In aka ji kasuwa ta ruɗe, masu shaguna suna jan ƙofofi, ko da ɓarawo kawai aka biyo, sai ta sauko da kwando ta tsinke duk abin da ya nuna ta hau da shi ta kulle. In gari ya lafa kuma ta bi ƙofa-ƙofa tana rabawa.

Kwanan baya na ɗaga kai, don har yau ba na fita ƙofata ban ɗaga ba, sai na hango wani abu kore a tagar tata, ta ciki. Na ce, "Mama, mene ne wancan?"

"Alayyahu ne. Ƙwaya ɗaya."

"A cikin me?"

"Kofin shayi."

Na ce zan faɗa wa Baba Kayode. Ta ce in faɗa, shi gwangwanin madara ya hana. Na koma na zauna a kan keke, na ɗan ja shi gefe kaɗan, daga saitin tagar.